Gishirin Cikin Hular Baffa

Ƙanshin balangu, idan yaji ya jiƙe da mai a jikin takarda, shi ke mayar da ni gidanmu na Zoza duk inda na shaƙe shi. Ba naman nake tunawa ba. Baffana nake tunawa, yayan mahaifina, mutumin da na raina tun ina 'yar shekara tara.

Gidanmu gidan gandu ne, tukunya ɗaya ake ɗora wa kowa. Baffa ne babba. Ƙato ne mai kaurin wuya kamar bijimin huɗa, idan ya yi gyaran murya a zaure har kaji watsewa suke yi. Wata bazara, ana irin zafin nan da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, jiri ya riƙa ɗibarsa. Aka kai shi asibiti a Karaye, aka ce hawan jini ne. Likita ya ce ya rage gishiri, ya bar nama mai kitse, ya riƙa shan magani kullum.

Ka san irin mutanen nan da ba sa iya gyara halinsu sai sun tara 'yan kallo? Ranar da ya dawo ya sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ya yi mana jawabi kamar mai neman kujerar kansila. Ya ce daga yau an daina sa gishiri a miyar gidan nan, don shi ba zai ci lami ba ana cin daɗi a gabansa. Mata suka sunkuyar da kai. Mahaifina, da yake ƙane ne, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Haka muka shiga damina da miyar kuka mai kama da ruwan wanke-wanke. Daddawa ta yi iya ƙoƙarinta, abin ya fi ƙarfinta. Yayyena maza su dawo daga noma a jiƙe, su tura tuwon dawa kamar masu haɗiyar magani. Shi kuwa baffa kwanonsa tas yake fitowa daga turaka. Duk wanda ya zo duba shi sai ya sha labarin juriyarsa, har da cewa samarin yanzu ba za su iya ba.

Kakarmu ce ta tona shi. Ita ma ta taɓa barin abin da take so. Tun tana budurwa take cin goro, da aka ce yana sa mata bugun zuciya sai ta daina, ba wanda ya sani sai da aka lura tana rabar da wanda ake kawo mata. Wata Juma'a baffa ya ajiye hularsa a kan turmi zai yi alwala. Tsohuwar ta ɗauka wai za ta kaɗe mata ƙura, ta buɗe naɗin, sai ga ƙullin leda ya faɗo. Gishiri ne gauraye da yaji.

Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. Sai ta juya ta kalli mahaifiyata.

"Koma wa gishirinki, 'yar nan," ta ce. "Ashe maigidan a ka yake ɗauke da nasa."

Kana zaton ya ji kunya? Cewa ya yi maganin baki ne wani malami ya ba shi. Daga nan ya daina ma ɓoyewa. Ranar kasuwar Rogo zai dawo gemu na sheƙi da mai, ya ce ɗanɗanawa kawai ya yi don kada mahauci ya ji haushi. Maganin asibiti ya ce yana kashe masa jiki. Duk sabon wata sai ya sake ɗaura niyya da babbar murya, kafin kwana uku ta kwance.

Lokacin cirar gyaɗa ya faɗi a gona. A amalanke aka kawo shi, baki a karkace, ɓarin jiki a shanye. Shekara huɗu ya yi a kwance. Matarsa ce mai juya shi, ita ce mai wanke shi, har bayanta ya ranƙwafe. Aka sayar da shanun huɗa. Babban ɗansa, wanda ke karatu a Karaye kuma malamai ke yabon kansa, ya baro makaranta ya kama fartanya. Masu zuwa gaisuwa su ce ƙaddara ce, shi kuma ya gyaɗa kai. Na yarda da ƙaddara. Amma na ga hular da idona.

Yanzu zamani ya sauya. A Rogo Sabon Gari kusan kowane kemis yana da abin awon jini, tsofaffi ma sun san lambobinsu kamar lambar waya. Ana wa'azin lafiya a rediyo, ana turo shi a waya, kowa ya zama likitan maƙwabcinsa. Ilimi ya ƙaru, harshe bai ji ba.

Shekara uku ke nan da aka ce ina da ciwon suga. Ban tara kowa na yi jawabi ba, da wannan kaɗai nake taƙama. Makon jiya na je suna a Gwangwan aka miƙo mini lemon kwalba mai sanyi. Na ce ai ni na daina, mata suka yaba mini. Na sa shi a jaka na ce zan kai wa yara. Da na iso gida yaran suna islamiyya. A tsaye na shanye shi a bayan ƙyaure, ko mayafi ban cire ba.