Soket ɗin Kaka Marasa Lamba

Jiya cokali ya suɓuce wa 'yata ya faɗi a kan siminti, ya yi wata siririyar ƙara mai ja, sai na ji gabana ya faɗi. Irin ƙarar nan soket ɗin kakanmu suke yi idan Baba ya ɗalle su da farce kusa da kunnensa.

Idan ba ka taɓa zama a gareji ba, soket ɗan kokon ƙarfe ne da ake kifawa a kan noti a kwance shi. Na yanzu ramin bayansu kusurwa huɗu ne, kowanne da lambarsa a jiki. Na Kaka kuwa kusurwa shida ne, ba lamba, ba sunan wanda ya ƙera, ba komai. Mariƙinsu guda ɗaya ne, wani lanƙwasasshen ƙarfe mai gefe shida, kuma in ba shi ba, ba abin da yake juya su. Da su Kaka ya yi gyaran manyan motoci a bakin tashar Birnin Kudu har ƙarfinsa ya ƙare.

Ban tarar da shi da rai ba. Abin da na ji a bakin Inna shi ne, ranar rabon gado malamin da ya zo ya tambayi darajar ƙarafan, aka rasa mai amsa. Sai aka zube su a tabarma aka kasa kamar goro, namiji kaso biyu, mace ɗaya. Mariƙin ba ya rabuwa, aka miƙa wa Baffa babba, manomi a Gwaram, wanda ko taya bai taɓa kwancewa ba. Wallahi an yi adalci, amma an kashe kayan. Baba yana Kano lokacin, yana koyon kanikanci.

Sa'ad da aka ba mu jiha, abokan aikinsa suka kwashi sababbin kaya masu lamba suka nufi Dutse. Shi kuwa sai ya tashi neman tsofaffin ƙarafan ubansa, ya ce ba zai mutu suna warwatse ba. Na Gwaggo a Surko mun same su ɗaure a bakin guga, don ya riƙa nutsewa da sauri. Wasu daga cikin ƙarafan, yara sun yi wasa da su sun ɓatar. Wasu an kai kasuwa, sun cakuɗe da irinsu a faifan masu tsofaffin ƙarafa, duk baƙaƙe, duk ba lamba.

To ta yaya za a gane na Kaka? Bahago ne shi, kuma yana danne soket ta gefe guda idan zai ja, har bakin kowanne ya side ta ciki a wuri ɗaya. Ido ba ya gani, sai yatsa. Manyan Baba yake shafawa da kansa. Ƙananan kuwa yatsansa ba ya shiga, sai nawa, ni da ban fi tsayin tayar tifa ba. Haka na zama 'yar rakiyarsa a bayan babur, Maruta, Unguwar Ya, duk inda aka ce an ga irinsu. Inna tana mita: “Kai dai za ka mayar min da yarinya bakanike, wa zai aure ta da warin baƙin mai?”

Sai ya tsuguna a gaban faifai, ya ɗalla, ya saurara, sannan ya miƙo min. “Sa yatsanki, uwata. Me kika ji?” In na ce akwai santsi ta nan, sai fuskarsa ta washe har wushiryarsa ta fito. Ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar lokacin ba.

Mariƙin ne bai nema ba. Ƙani ya je ya ce wa yayansa ba ni kasonka na gado? Baba ya ce bakinsa ba zai iya ba. Dabararsa ita ce ya haɗa sauran duka, ya kai su gaban Baffa ya buɗe, shi da kansa zai tashi ya ɗauko. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, muna ta bin kasuwanni. Da ya rage saura ƙaramin cikinsu kaɗai muka kasa samu, ya haƙura, muka tafi Gwaram bayan girbi.

Muka tarar da Baffa a zaure yana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa, aka sha fura, Baba ya buɗe akwatin da yake tara ƙarafan a ciki, ya jera su a tabarma daga babba zuwa ƙarami, a goge, suna sheƙi. Baffa ya daɗe yana kallo. Sannan ya dafe kai.

“Innalillahi! Wannan lanƙwasasshen? Ai da bazarar nan yara suka haɗa shi da tsofaffin garemani suka ba 'yan gwangwan, aka musanya musu da roba. Haba, ai da ka yi magana!”

“Ba komai, Yaya,” in ji Baba. Ya mayar da su akwatin ɗaya bayan ɗaya. A hanyar komawa ban ji komai ba sai ƙarar akwatin a tsakaninmu. Daga baya wani maƙeri ya ƙera masa mariƙi, ya zauna daram, har ya kwance noti. Baba ya rataye shi a ƙusa, bai sake taɓawa ba, kuma ban ƙara ganin ya ɗalli ƙarfe ba.

Da ya rasu ba a kasa su ba, don ba mai so. Yayyena suka ce in ɗauka. Yanzu garejin bakin tashar duk kaya masu lamba ne, yaro ya duba ya ɗauka, kuma 'yan gwangwan sun share kasuwannin ƙauye tas. Wannan abin yana ci na, ba kaɗan ba.

Kwanakin baya ɗana ya shigo da murna, ya tsinto wani ƙarami mai kusurwa shida a kasuwa, daidai gurbin da ya rage a akwatin. Na ɗalla, na saurara, ban tabbata ba. Na kai yatsa, ya ƙi shiga. Sai na kira 'yata, nata ya shige sumul.

“Me kika ji?” na ce.

Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ɗago ta dube ni.

“Ƙarfe ne kawai, Mama.”