Da Wa Kakarki Take?

Har yau ba na son jin ƙarar kwaɗo idan an danna shi ya kulle. Shekaranjiya maƙwabciyata a nan Samaru ta datse famfonta da sabon kwaɗo, na jiyo ƙas ɗin nan daga ɗaki, sai na ajiye tsintsiya na zauna raina a ɓace, alhali baiwar Allah ba ta yi mini komai ba. Famfonta ne, ta kulle abinta. Ni dai ta mayar da ni wani gidan haya a Sabon Gari, wajen Unguwar Gabas, inda kakata ta riƙe ni tun daga yaye.

Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. Akwai matar wani tela Ibo, akwai Bayarabiya mai sayar da robobi, akwai mu, da sauran jama'a. Kakata ta fi kowa daɗewa, don a ɗakin nan ta haifi babana. Ƙosai take toyawa a ƙofar gida, kuma ƙamshin manta shi ke tashin layin gaba ɗaya. Mai gidan ba mu taɓa ganinsa ba. Wakilinsa muka sani, wani ɗan uwansa mai tafiya yana karkaɗa makullai kamar shi ya gina garin.

Wata bazara wakilin nan ya fara buga bulo a bayan gida. Bulo na shan ruwa, don haka ya sa wa famfo kwaɗo. Da safe zai buɗe mana na ɗan lokaci, kafin rabin bokitai su cika ya datse, ya ja tiyo ya kai wa siminti. Zafi kamar a gasa mutum, jarirai duk ƙuraje, mata suna wanke shinkafa da ruwan da suka wanke kwano. Kowa yana gunaguni a ɗaki, babu mai cewa uffan a fili, don wanda ya yi magana gobe kayansa na waje.

Kakata tana da wani toron agwagwa, ƙato, mummuna, mai jan fuska. Da shi ta fara hira. Tana juya ƙosai, wakili yana wucewa, sai ta dubi toro ta ce, "Kai toro, ina ruwanka da ruwan mutane? Ba ka haƙa ba, ba ka ja ba, sai dama shi." Washegari kuma ta ce masa, "Ikon Allah, toro. Ko'ina ruwa ke ɓoye kwaɗo, mu a gidanmu kwaɗo ke ɓoye ruwa." Masu jiran ƙosai su yi ta tuntsira dariya. Matar tela har zama take yi a ƙasa tana dafe ciki, gobe ta kai maganar kasuwa.

Mai karatu, in ba ka tashi a gaban masu habaici ba, ka san yana da doka. Ba a kama suna. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma muddin bai faɗa ba, babu mai kama shi. Wanda aka yi dominsa kuma in ya tanka, ya yarda ke nan shi ne agwagwar. Wakili ya san haka sarai. Ya wuce yana huci, ya dawo yana huci, bakinsa a ɗaure. Kuma abin ya fara ci. Yara a layi suka shiga tafiyar toro in sun hango shi. Cikin mako biyu ya ƙara mana lokacin ruwa, wata rana ma ya yi kamar ya manta bai kulle ba. Tsohuwa da matsami a hannu ta kusa kayar da shi ba tare da ta ɗaga murya ba.

Sai ni. Ina aji uku lokacin, kuma ni ce sarkin ɗaga hannu. Ko malam bai gama tambaya ba na miƙe. Ranar na dawo daga makaranta, na tarar da wakili zaune a benci da wasu dattawa biyu na unguwa. Ya kira ni da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Zo nan, yarinyan kirki. An ce ke ce ta ɗaya a ajinku. To ga tambaya, in gani ko gaskiya ne. Tsohuwan nan in tana faɗa da agwagwa, da wa take?"

Wallahi daɗi na ji. Tambaya mai sauƙi haka! Na ce, "Da kai take, Baba. Kowa ya sani."

Ya juya ga dattawan ya ce, "Kun dai ji." Babba da gemunsa, ya rasa yadda zai yi da tsohuwa, sai ya ɗana wa 'yar shekara takwas tarko. Ban yafe masa wannan ba, kuma ba na jin zan yafe.

Aka kai magana gaban mai unguwa, wai tsohuwa tana zubar masa da mutunci a bainar jama'a, ga shaida daga jininta. Aka kira 'yan gidan. A nan na ga abin da ya fi na wakili ciwo. Mutanen da suka sha ruwa albarkacin bakin kakata, ko ɗaya bai ambaci famfo ba. Matar tela, wadda ke ciniki da Hausa har ta yi wa mai tumatir karin magana, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ba ji Hausa sosai." Namu Hausawan kuwa suka ce su dai sun ɗauka da agwagwa ake. Dariya ta kowa ce, amma ranar biya sai aka bar mai ƙosai ita kaɗai.

Aka ba mu wa'adin barin gidan, farkon damina muka fita. Ana yayyafi muka loda tabarmi da tukwane a bayan a-kori-kura zuwa Samaru, wani ɗan ɗaki a bayan gidan baffana. Kaskon ƙosai aka jingine shi a bango, ya yi tsatsa a nan. Na yi ta jira ta zage ni, ko ta yi mini habaici ko da da kaza ce. Ba ta yi ba. Tun daga ranar magana ta zama mata ta buƙata kawai: kawo ruwa, rufe ƙofa, kin ci abinci? Shekara shida ta yi a haka har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ina ganin yara a waya suna kama sunan mutum da na ubansa su zazzage shi, wai barkwanci ke nan. Babu gwaninta, babu kunya, kuma ba ya buɗe wa kowa famfo. Na so in nuna wa 'ya'yana yadda ake yi da can, sai na tarar maganganun kakata biyu kacal na riƙe.

Bara na shiga layin kantuna na PZ sayen fitila, na ga wani tsoho a kujerar roba a bakin shago, ido ya yi fari. Shi ne, wakili. Ina tambayar kuɗin fitila ya gane ni da murya.

"Ke ba jikan mai ƙosai ba ne? Allah ya ji ƙan tsohuwan nan, ta iya magana! Kin tuna ranar da ta ce tafiya ta hakimai, kashi na jarirai?"

Ya yi ta dariya har da hawaye, yana jero su ɗaya bayan ɗaya, da irin jan muryarta. Ya haddace su tas. Duk duniya babu wanda ya rage da maganar kakata a ka sai mutumin da ya rufe mata baki. Don haushi na so in tofa masa yawu in wuce. Sai na ji na jawo benci na zauna, na ce, "Sai kuma me ta ce?"