Zira Mai Haɗa Jin da Giyar Tuffa

Duk wanda ya san unguwar Yelwa a Mubi kafin tashin hankali ya san Zira, ko da bai taɓa sa giya a bakinsa ba. Mutumin Kamwe ne, gajere, mai 'yar mashaya a bayan layin masu gyaran babur, kuma haɗi ɗaya tak ne ya fito da sunansa.

Ya same shi ne tun yana kuku a gidan wasu Turawa biyu masu haƙa rijiyar burtsatse. Ɗaya ɗan Ingila, ba ya shan komai sai barasar jin da lemon tsami. Ɗayan ɗan ƙabilar Bask daga arewacin Sifaniya, shi kuwa sai giyar tuffa, kuma ba a zuba masa ita kamar shayi. Sai an ɗaga kwalba sama da kai, an sauke kofi wajen gwiwa, ta zubo siririya ta yi kumfa. Kullum suna musu kan wanne ne abin shan masu hankali. Ranar da surutun ya ishi Zira, sai ya zuba jin kaɗan, ya matsa lemo, ya sako tuffar daga sama, ya miƙa musu. Suka sha, musu ya ƙare, kowa na ganin nasa ne ya gyara na ɗan'uwansa.

Turawa suka tafi, haɗi ya zauna. Direbobin da ke shiga Kamaru ke kawo masa kwalaben, malaman makaranta da ma'aikata kuma su cika benci. Har maƙwabcinsa Lawali tela, wanda ko warin wurin ba ya so, yakan leƙo ta katanga ya kalli zubin, ya yi tsaki, gobe ma ya sake leƙowa.

A 2014 'yan bindiga suka shigo gari. Zira da matarsa Margret suka bi duwatsu da ƙafa har Kamaru, daga can suka isa Yola wurin 'yarsu Ruth. Da suka dawo, rufin mashayar ya ƙone, Margret kuma ta gaji har cikin ƙashi.

"Baban Ruth," ta ce, "ka buɗe mu gani. In mutane bai dawo ba, mu koma Yola. Ruth ya ce akwai wuri."

Zira ya amsa da to, amma ransa bai so ba. Babu abin da yake tsoro kamar ya ƙare a ƙofar gidan suruki, yana jiran a miƙo masa tuwo. Ya sake rufi da tsohon kwano, ya bi tsofaffin masu zuwa gida-gida yana gayyata. Wasu sun mutu, wasu ba a san inda suke ba, kaɗan suka ce za su zo. Direban da ya aika ma bai samo irin giyar tuffar da ya saba ba. Wata ya kawo, mai toshiya ɗaure da waya, Zira kuwa bai tsaya tambaya ba.

Da la'asar ya buɗe, saboda dokar hana fita. Suka zo suka zauna, kowa ya rame, ana ta gaisuwar bayan rabuwa. Har da Malam Aaron, tsohon malamin lissafi, wanda aka harbe ɗansa Wisdom a gabansa ranar gudu. Zira ya jera kofuna, ya zuba jin, ya matsa lemo, zuciyarsa ta fara sanyi. Sai ya kwance wayar. Kwalbar ta sha zafi a hanya, toshiya ta tashi da ƙara kamar harbin bindiga ta bugi kwanon rufi.

Kafin ya ankara kowa ya kwanta a ƙasa. Biyu suka fita da gudu ba takalmi, a maƙwabta mata na ta kiran 'ya'yansu. Malam Aaron yana ƙarƙashin benci, hannu a ka, yana kiran Wisdom. Zira ya tsaya da kwalba, kumfa na bin hannunsa, kunya da baƙin ciki sun rufe shi.

Da ƙyar ya jawo tsohon ya zaunar. Ya ƙarasa haɗin da abin da ya rage, don bai san me zai yi ba in ba wannan ba, ya miƙa wa Malam Aaron kofin, amma bai sha ba.

"Ba laifinka ba ne, Zira," in ji shi. "Amma ka yi haƙuri, ba zan iya sake zuwa ba."

Sauran ma ba su sake zuwa ba. Zira da kansa ya ce wa Margret ta fara ɗaure kaya.

A Yola yake zaune tun daga nan, a ƙofar gidan surukin nasa. In jikokinsa suka kawo masa kwalbar lemo ya buɗe musu, sai ya naɗe bakinta da gefen rigarsa, ya murɗa a hankali, yana duban fuskokin mutanen da ke kusa.