Maɓallin da Ya Kusa Ɓata Sunan Kawuna

Edita, a lokacin ina 'yar shekara ashirin da uku, na dawo ƙauyenmu kusa da Bunkure da digirin kwamfuta da girman kan da ya fi digirin nauyi. Mahaifina malamin Islamiyya ne, yana kuma noman tumatir. Ƙungiyar manomanmu na da injin ban ruwa guda ɗaya da ake karɓa bi da bi, kullum sai an yi cacar baki kan wanda ya riga wani. Na ce zan gina musu shafi a waya, kowa ya danna maɓalli sunansa ya shiga layi.

Na yi amfani da wani tsari da ake ƙera sassan shafi sau ɗaya, su fito daidai a waya, a kwamfuta, har a takardar da ake mannawa a ƙofar masallaci. Amma dannawa a cikin wayar manomi take faruwa, don haka na rubuta ɗan umarnin da zai riƙa sauraron maɓallin. Kuskurena shi ne, duk sanda shafin ya sabunta kansa sai ya ƙara sabon mai sauraro, tsohon kuma yana nan. Ni kuwa ban taɓa barin shafin a buɗe na minti biyar ba wajen gwaji.

Kawuna ya buɗe shi, ya ajiye wayar ya tafi sallar la'asar, ya dawo ya danna sau ɗaya. Sunansa ya fito sau bakwai, ya cinye mako guda. Nan take aka fara cewa ya haɗa baki da 'yar ƙanwarsa. Maƙwabcin gonarsa, wanda tumatirinsa ke fure yana yaushi, ya daina amsa gaisuwarsa. Na gano laifin tun ranar, amma kwana biyu ina cewa matsalar sabis ɗin waya ce. Baba ya kira ni ya tambaye ni ko zan iya maimaita wannan maganar a gaban Kawu ina kallon idonsa. Na kasa.

Bayan sallar Juma'a na tsaya gaban dattawa, na bayyana komai. Ina jiran faɗa sai dariya ta kece. Wani tsoho ya ce ashe wayar ma ta fi matan unguwa yawan kunnuwa. Kawu ya bar wa maƙwabcinsa ruwan ranar, har ya taya shi jan tiyo. Na gyara shafin ya riƙa cire tsohon mai sauraro, maɓallin kuma ya kulle da zarar an danna. Tumatirin ya farfaɗo, mai shi ya aiko min da kwando guda, kuma har yau da shafin ake raba injin.

Gyaran bai ɗauke ni awa ɗaya ba, amma kwana biyun da na yi ina ɓoye gaskiya har yanzu ina jin kunyarsu. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, ku gwada aikinku yadda manomi zai riƙe waya, ba yadda ku kuke riƙewa ba. In kuma kun yi kuskure ku faɗa da wuri, kafin wani bawan Allah ya ɗauki laifin da ba nasa ba.