Ranar da Na Zaro Harshe a Tsafe

Bungudu

Ana sallame asuba na saɓa jikata Habiba muka fita. Shekararta huɗu, ba ta taɓa kiran sunan kowa ba. An ce a Tsafe akwai ɗakin da likitar magana ke duba yara ta waya. Na ce sai na gani da idona.

Direban motar da muka shiga ya ce, "Inna, mi ya fito da ke da sanyin safiya?"

Na ce, "Tuƙi aka ba ka ko tambaya?"

Gusau

Hantsi ya same mu a tasha. Na saya wa Habiba waina, na ƙi ci. Motar Tsafe sai da ta cika taf kafin ta motsa, har da akuya a ƙafata.

Tsafe

Wata ma'aikaciya ta zaunar da mu gaban wani allo mai haske. Sai ga mace a ciki, tana can birni, tana gaishe ni! Na gyara mayafi.

Likitar ta ce, "Habiba, kalli bakina."

Habiba ta sunkuyar da kai. Ni na koya mata haka, yaro ba ya kallon babba cikin ido.

Likitar ta ce, "Inna, in ba ta ga baki ba, ta ina za ta kwaikwaya? Ke take tsoro, ke za ki fara. Zaro harshe."

Ni? Da ko 'ya'yana ba su san haƙorana ba? Na dubi ƙofa, na dubi yarinyar, na zaro. Na kumbura kumatu, na ce "baa" kamar tunkiya. Habiba ta ɗago, ta ƙura mini ido, ta kece da dariya. Leɓenta ya motsa: "Ba."

Wallahi guɗa na rangaɗa a ɗakin mutane!

Komowa

A shingen hanya soja ya leƙo motar. Habiba ta kalle shi tsaf, ta zaro masa harshe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, magani take sha."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Mun iso gida kafin magariba, Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitar nan. Maƙwabta kuma, in kun jiyo kukan tunkiya daga ɗakina, kada ku shigo. Karatu muke.