Shekarar da Baba Bai Dawo Daga Fataucin Goro Ba

Duk lokacin da aka kwance huhun goro kusa da ni, sanyin ganyen nan ya bugi hancina, sai zauren gidanmu na cikin birnin Sakkwato ya faɗo mini a rai. Baba bafataken goro ne. Yakan tafi da kaka, ya sari goro can ƙasar Gwanja, a loda shi jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kawo shi Gusau, mota ta ƙaraso da shi gida kafin ruwa ya sauka. In ya dawo, zauren kan cika da huhuna, ni kuma in zauna ina kallo yana yayyafa musu ruwa, yana tsince masu tsutsa.

Ina da shekara takwas ko tara lokacin da yaƙin Turawa ya yi tsanani. Mu dai ba mu ji ƙarar bindiga ba. Yaƙin ya zo mana ne ta tukunya: gishiri ya ɓace a kasuwa, kananzir ya yi wuya, Inna ta koma yi mana fitila da man gyaɗa. A wannan shekarar bazara ta wuce, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, Baba bai dawo ba.

Wata ranar Laraba da hantsi abokin tafiyarsa ya yi sallama. Ya rame, hannunsa na dama ɗaure da tsumma, ba ya ɗauke da komai. Malam, wato kakana mahaifin Baba, ya sallami ɗalibansa, ya sa aka kira Inna da Kaka suka tsaya bayan ƙofa. Ni ma ina nan riƙe da zanen Inna.

Mutumin ya ce sun shiga jirgi su da yawa, suna zaune a sama kan kayansu, bakin ƙasa ma ana hango shi. Gari ya waye, sun idar da salla ke nan, sai wani abu ya daki jirgin daga ƙasa. Ya ce wai akwai jirgin yaƙi da ke tafiya ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsa sai ya yi harbi. Jirginsu ya tsage, mai ya malala bisa ruwa ya kama wuta. Shi ya kama wani katako, masunta suka tsamo shi da azahar.

Kaka ta ce daga bayan ƙofa, “Jirgi ƙarƙashin ruwa? Kamar kada?”

Ya ce mata, “Kamar kada.”

Malam ya dube shi. Sannan ya ce, “Kai ka gan shi ya mutu?”

“Allah shi gafarta Malam, ban gani ba. Sa'adda munka faɗa ruwa, na hange shi riƙe da huhu guda. Hayaƙi ya shiga tsakaninmu.”

“An ga gawa tai?”

“Ba a gani ba.”

Malam ya ce, “To, ba mu cewa ya mutu.”

Wannan maganar ita ta zama rayuwarmu. Malam ya kai batun gaban alƙali, aka yanke cewa Inna za ta jira shekara huɗu, kamar yadda shari'a ta tanada ga matar wanda ya ɓace. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadakar uku ko ta bakwai ba. Matan unguwa suka riƙa shigowa ba su san gaisuwar da za su yi ba. In sun ce ya haƙuri, sun kashe shi. Sai suka koma cewa, “An ji labari?” Inna ta ce, “Tukuna.” Haka aka riƙa gaishe ta har kalmar ta zama kamar ina kwana.

Ban taɓa ganin ta yi kuka ba. Ta daina lalle, ta kama kaɗi da sayar da fura. Sau biyu aka zo da jita-jita. Wani ya ce an ga mai kama da Baba a Sabon Gari, Bappa ɗan'uwan Baba ya tafi ya tarar ashe wani Bazabarme ne. Wani kuma ya ce Turawa sun kwashi waɗanda suka tsira zuwa wata ƙasa. Malam ya sa aka rubuta takarda zuwa ga sarkin Hausawan Ikko, amsa ta zo bayan wata biyar cewa ba su da labari.

Yaƙin ya ƙare, gishiri ya dawo kasuwa, sojoji suka dawo da manyan takalma. Shekara huɗu ta cika ana cikin girbi. Malam ya kira Inna, ya ce mata daga yau ta shiga takaba. Ta ce to. Sai a ranar mutane suka zo suka ce mana ya haƙuri, wasu ma har sun manta kamanninsa. Bayan ta fita takaba, ta auri wani majemi, ta haifi ƙannena uku. Ni na zauna wurin Kaka, wadda har ta rasu ba ta yarda an raba tufafin ɗanta ba.

Yanzu ina unguwar Minanata wurin ɗana. In kwalekwale ya kife a wani gari, kafin la'asar jikokina sun nuna mini a waya, har da sunayen waɗanda suka rasu. Sau ɗaya na je Ikko, na ce a kai ni bakin teku. Na tambayi ɗana ta wane gefe jiragen Gwanja ke zuwa. Ya duba, ya nuna mini dama, ya ce yana jin ta can ne. Na juya can na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya. Yara suna ta wasa cikin ruwan, mai sayar da rake yana kiran ciniki. Daga nan muka koma mota.