Ƙaramin Dutsen Kawu Toader

Kowace safiya Kawu Toader, mai niƙan ƙauyenmu, da ƙaramin dutse yake farawa. Zai wanke hannu har gwiwa, ya saka wata riga da yake ajiyewa daban, ya niƙa masara. Sai ya gama yake buɗe wa masu alkama babban ɗaki. Shekara da shekaru haka, saboda 'yata Ilinka.

Tana ƙarama ta yi ta ramewa, ciki a kumbure, ga gudawa. Likita ta duba hanjinta, ta ce ƙwayoyin garkuwar jiki da ke gadin bangonsa ne suka ɗauki alkama abokiyar gaba. Ko ƙurarta suka gani sai su tashi faɗa, su ɓarnata hanjin da suke gadi. Muka hana ta burodi, muka koma tuwon masara, amma yarinya ba ta miƙe ba. Na yi kuka har na gaji.

"Ina kuke niƙa?" in ji likita. Ashe dutse ɗaya ke cin alkama da masara.

Na je wa Kawu da maganar likita ina in-ina. Ya ce, "Ke Saveta, shi ne kike wani sunkuyar da kai? Tafi gida." Ya sassaƙe fuskar ƙaramin dutsen, ya keɓe shi don masara kawai, ya toshe ƙofar da ke tsakanin ɗakinsa da na alkama.

Ana gobe Ista layi ya yi tsawo, kowa na son garin burodin biki. Maƙwabciyata Dokiya ta ce, "Haba tsoho, ga dutse zaune banza! Alkama kwano ɗaya fa."

Kawu ya ce, "Na Ilinka ne. In kina sauri, tauna da haƙoranki, in da saura."

Kawu, kai ne ka sha gunagunin gari guda saboda cikin yarinyar da ba jininka ba. Da na ji ciwon gwiwa zai sa ka ajiye aiki, na je tambayar wanda zai karɓi niƙan. Sai surukinka Ilarie, wanda zai gaje ka, ya ce mini ka hana shi makullin ɗakin niƙa har sai da ka ga ya saba da canza riga.

Makon jiya aka sake duba Ilinka. Hanji ya warke sumul, masu gadin sun kwanta. Na zauna a matakalar asibiti ina ta ajiyar zuciya.

Mun gode, Kawu. Ku masu niƙa da masu girki, ku yi koyi da shi. Jiya Ilinka ta cinye tuwonta ta nemi ƙari.